Kama Jirgi Maras Matuƙi Ba Tare da Harbi Ba: Wa Zai Ɗauki Nauyin Binciken?

Da misalin ƙarfe tara na daren Laraba, 19 ga Disamban 2018, aka ba da rahoton ganin ƙananan jirage marasa matuƙa suna shawagi kusa da titin tashi da sauka na filin jirgin saman Gatwick, kudu da birnin Landan. Nan take aka rufe titin. Duk lokacin da aka yi haramar buɗewa, sai wani sabon rahoto ya shigo. Haka aka kwana, aka wuni, aka sake kwana.

Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, filin maƙil yake da matafiya. Iyaye da 'ya'yansu suka baje a ƙasa, wasu sun yi matashi da jakunkuna. Kafin al'amura su daidaita ranar Juma'a, an soke ko an karkatar da tashin jirage kimanin 1,000, abin da ya shafi fasinjoji wajen 140,000. Kamfanin easyJet kaɗai ya ce ya yi asarar kusan fam miliyan 15.

Akwai 'yan sanda masu bindiga a wurin, amma aka yi ɗari-ɗari da harbi, domin babu wanda ya san inda harsashin da ya kauce zai sauka. Har yau ba a kama jirgin ba, ba a kuma hukunta kowa ba.

Shekara bakwai bayan haka, labarin bai sauya ba. A watan Satumban 2025 an rufe filin jirgin Kofanhagan na ƙasar Denmak na kusan awa huɗu, 'yan sanda kuma suka bayyana cewa sun ƙi yin harbi ne saboda fasinjoji da jiragen da ke ajiye da rumbunan mai. Ba a yi mako biyu ba sai ga filin jirgin Munik a Jamus ya rufe dare biyu a jere. Wannan ne ya sa gwamnatoci suka ƙara buɗe baitulmali domin wata tambaya mai wuya: yaya za a tsayar da ɗan ƙaramin jirgi a sama, cikin daƙiƙoƙi, ba tare da an fasa shi a kan jama'a ba?

Daga kayan ɗaukar hoto zuwa makami

Jirgin da ake magana a kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne mai farfela huɗu da masu ɗaukar hoto ke tashi da shi a wajen biki, ko a ranar hawan sallah. Kuɗinsa bai wuce na babbar wayar hannu ba, yana shiga jakar goyo, kuma yaro mai basira zai koyi tuƙa shi cikin yini guda.

Tun 2015 aka fara ganin alamun abin da ke tafe. A watan Janairun shekarar wani irinsa ya faɗa harabar fadar White House a Amurka. A watan Afrilu aka tsinci wani a kan rufin ofishin Firayim Ministan Japan, ɗauke da ƙasa mai burbushin sinadarin nukiliya. Mayaƙan IS suka riƙa ɗaura musu gurneti a yaƙin Mosul na 2016 zuwa 2017. A Agustan 2018 aka kai wa Shugaba Nicolas Maduro na Benezuwela hari da irinsu yana tsakiyar jawabi a Karakas.

Yaƙin Rasha da Yukiren ne ya kai abin ƙarshe. A can ƙaramin jirgi na 'yan ɗaruruwan daloli yana lalata tankar yaƙi ta miliyoyi, kuma duk dabarar da aka ƙirƙiro a fagen daga, cikin watanni kaɗan sai ta bazu a intanet. Masu fasa-ƙwauri ma ba a bar su a baya ba: a Birtaniya masu sa ido kan gidajen yari sun sha kokawa da yadda ake kai wa fursunoni ƙwayoyi da wayoyi ta taga da waɗannan jirage.

Me ya sa ba za a harbe shi kawai ba?

Dalili na farko kuɗi ne. A 2017 wani babban hafsan sojan Amurka, Janar David Perkins, ya ba da labarin wata ƙawar ƙasarsa da ta kakkaɓo jirgin dala 200 da makami mai linzami samfurin Patriot, wanda ɗaya ya kai dala miliyan 3. Maƙiyin da ya gane wannan lissafi ba ya buƙatar cin yaƙi. Ya ishe shi ya yi ta turo jirage masu araha har aljihun abokin gabarsa ya ƙone.

Dalili na biyu shi ne duk abin da aka harba sama sai ya dawo ƙasa. A Satumban 2025, lokacin da jiragen Rasha marasa matuƙa kimanin 20 suka keta sararin samaniyar Polan, an tashi jiragen yaƙi domin tare su. Rufin wani gida ya rushe a wani ƙauye a gabashin ƙasar, daga baya kuma hukumomi suka ce alamu sun nuna makamin da jirgin yaƙin Polan ɗin ya harba ne ya faɗa masa.

Ko da an yi dace an samu jirgin, tarkacensa da batirinsa mai saurin kama wuta za su zubo. In kuwa bam yake ɗauke da shi, to an taya maharin aikinsa. Mai karatu ya auna abin da zai faru in irin wannan ya auku a saman Kantin Kwari, ko a kan dubban mutane da dawakai a ranar Hawan Daushe.

Dalili na uku shi ne shaida. Jirgin da aka kama da ransa yana ɗauke da lambar kamfani, da katin hotuna, da bayanin inda ya taso da hanyar da ya bi, wani lokaci har da zanen yatsun mai shi. Wanda aka tarwatsa kuwa ya tafi da sirrinsa, mai shi ya koma kasuwa ya sayi wani.

Raga, gaggafa da ƙwace linzami

An gwada hanyoyi da dama, kowace da inda ta gaza. 'Yan sandan Tokiyo sun kafa runduna a ƙarshen 2015 mai tashi da babban jirgi rataye da raga domin kamo ƙanana. 'Yan sandan Holan sun horar da gaggafa a 2016, amma ba a cika shekara biyu ba suka haƙura: ciyar da tsuntsayen da horar da su na cin kuɗi, kuma ba kullum suke bin umarni ba.

Kamfanin OpenWorks na Birtaniya ya ƙera SkyWall, wata na'ura da ake saɓawa a kafaɗa, tana cilla raga da ƙarfin iska, sannan 'yar laima ta sauko da jirgin a hankali. Matsalarta ita ce sai jirgin ya matso kusa, wajen mita 100. Kamfanin Fortem na Amurka ya ɗora bindigar ragar a kan wani jirgin mai suna DroneHunter, wanda ke bin ɗan'uwansa ya kama shi, ya ja shi zuwa wurin da babu jama'a. Da shi aka shirya tsaron filayen wasa a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce toshe sigina: a cika iska da hayaniyar rediyo har jirgin ya daina jin mai tuƙa shi. Sai dai hayaniyar ba ta zaɓen wanda za ta kurmantar. A Maris ɗin 2025 matuƙan jiragen fasinja da ke sauka a filin Reagan na Washinton sun yi ta samun gargaɗin karo na ƙarya, daga baya aka alaƙanta lamarin da gwajin na'urorin yaƙi da jirage marasa matuƙa a kusa da wurin. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan laushi, irin ta kamfanin D-Fend na Isra'ila, inda ake kwaikwayon muryar mai tuƙin, a ƙwace linzamin jirgin, a saukar da shi inda ake so.

Duka biyun sun dogara ne da cewa jirgin yana sauraren rediyo. Daga 2024 aka fara ganin jirage a Yukiren masu jan siririn zaren gilashi mai tsawon kilomita goma ko fiye, umarni na bi ta cikin zaren, babu siginar da za a toshe. Wasu kuma ba sa buƙatar matuƙi ko kaɗan da zarar kyamararsu ta gane abin da aka tura su nema. Wannan ne ya dawo da hankalin masu bincike kan raga da sauran hanyoyin kamawa da hannu.

Inda saurin ɗan Adam ya gaza

Jirgin tsere da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kilomita guda cikin ƙasa da daƙiƙa 40. A wannan ɗan taƙin ne ake son mai gadi ya hango shi, ya tabbatar ba shirwa ba ce ko ledar da iska ta ɗauko, ya nemi izini, ya auna, ya kama. In jiragen biyar ne daga kusurwa daban-daban, ko ƙarfe uku na dare ne barci ya fara fizgarsa, magana ta ƙare.

Saboda haka ake son na'urar da za ta yi aikin da kanta: rada da makirufo da kyamara mai ganin zafi su haɗa bayanai, ƙirƙirarriyar basira ta tantance abin da ke tafe, jirgin kamu ya tashi daga akwatinsa ya cim masa, ya dawo a sake ɗora masa raga.

A nan ne muhimmancin rashin lalatawa ya fito fili. Ba wa na'ura izinin harbi da kanta a cikin gari abu ne da lamiri da doka ba za su ɗauka ba. Amma na'urar da iyakar kuskurenta shi ne ta kamo jirgin mai ɗaukar hoton biki, ana iya ba shi haƙuri a mayar masa da kayansa. Kuskuren da ake iya gyarawa ne kaɗai ya halatta a bar wa inji.

Ina kuɗin ke tafiya?

Kuɗi kam suna zuba. A Satumban 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta ware zagaye na biyu na shirinta na Replicator domin yaƙi da ƙananan jirage. A 2025 majalisar dokokin ƙasar ta amince da kimanin dala miliyan 500 domin taimaka wa jihohi da ƙananan hukumomi, musamman saboda gasar kofin duniya ta 2026. Ƙungiyar NATO tana da asusun zuba jari na kusan yuro biliyan ɗaya domin sababbin kamfanonin fasahar tsaro. Tarayyar Turai ma ta shiga maganar gina katangar kariya daga jirage marasa matuƙa a iyakarta ta gabas.

Sai dai mafi yawan kuɗin soja na bin abin da soja ke so, wato kakkaɓowa: bindigogi masu sarrafa kansu, da hasken lesa irin DragonFire na Birtaniya, da ƙananan jiragen da ke karo da maƙiyi su fashe tare. A fagen daga wannan daidai ne. Amma masu buƙatar kamawa salin-alin, wato filayen jirgin sama, gidajen yari, matatun mai, tashoshin lantarki da 'yan sanda, a warwatse suke, kowa da ɗan kasafinsa, babu wanda zai iya ɗaukar nauyin bincike na shekaru shi kaɗai.

Masu zuba jari na kasuwa kuma suna tsoron doka. Shekaru da dama a Amurka, hukumomin tarayya ƙalilan ne kawai suka kasance da ikon taɓa jirgi a sama, ko da kuwa yana kan filin wasa mai cike da mutane. Wa zai sa dukiyarsa a kayan da mai buƙatarsu ba shi da izinin amfani da su? Wannan giɓi ne kuɗin gwamnati ya kamata su cike.

Gani ya kori ji

Yadda ake ba da kuɗin ya fi yawansu tasiri. Hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, DARPA, ta nuna haka a 2004, lokacin da ta sa gasar motoci masu tuƙa kansu a hamada. Babu motar da ta kai ko kilomita 12 cikin tafiyar sama da 200. Shekara guda bayan haka motoci biyar suka kammala, ayarin Jami'ar Stanford ya lashe dala miliyan 2, kuma daga cikin mahalarta gasar aka samu da yawa daga injiniyoyin da suka gina wannan masana'anta.

An bi wannan sawu a fagen da muke magana. A 2016 cibiyar MITRE ta Amurka ta sa kyautar dala 100,000 ga wanda zai tsayar da ƙaramin jirgi a cikin gari ba tare da ɓarna ba. A 2019 sashen ƙirƙire-ƙirƙire na ma'aikatar tsaron Birtaniya ya raba kusan fam miliyan 2 ga kamfanoni da jami'o'i. A 2021 DARPA ta nuna wani jirgin kamu a Filorida mai fesa dogayen zaruruwa da ke naɗe farfelar maƙiyi. A Jamus kuma, hukumar SPRIND da aka kafa a birnin Laifzig a 2019 domin tallafa wa dabarun da bankuna ke gudu, ta buɗe gasa a 2025 kan tsayar da ƙananan jirage ta hanyar na'ura mai sarrafa kanta ba tare da lalatawa ba.

Tsarin irin wannan gasa a bayyane yake. Ana faɗin matsalar, ba a faɗin maganin. Ana ba ayari da yawa kuɗi kaɗan-kaɗan a matakin farko, ba tare da neman hannun jari a kamfaninsu ko tulin takardu ba. Bayan 'yan watanni kowa ya zo fili ya nuna abin da ya ƙera a gaban alƙalai, ana tura masa jirgi na gaske. Wanda ya kama ya wuce mataki na gaba da kuɗi mafi tsoka; wanda ya gaza ya tafi da iliminsa, gwamnati ba ta yi asara mai yawa ba.

Yukiren ta ƙara wa wannan tsari sauri da dandalinta na Brave1 da ta buɗe a Afrilun 2023, inda mai ƙira ke samun tallafi, ya kai kayansa ga sojoji, su gaya masa aibinsa, ya gyara cikin makonni.

Ba kowa ya gamsu ba

Sojojin da suka ga yaƙi suna cewa raga kayan zaman lafiya ce. Tana iya kama jirgi ɗaya ko biyu, amma ba ta da amsa ga tarin jirage ashirin, ko ga wanda ke gudun da ya ninka na mai kamun. Magana ce mai ƙarfi, kuma masu goyon bayan kamawa ba su musa ba; abin da suke cewa shi ne tsaro hawa-hawa ne, raga ta cikin gari ce, bindiga ta bakin iyaka.

Masu kare haƙƙin jama'a suna da nasu tsoron. Na'urar da ke sauraren duk siginar da ke unguwa, mai kyamarar da ke gani da dare, tana iya zama idon gwamnati a kan talakawa. Ana kuma iya amfani da ita wajen sauke jirgin ɗan jarida da ke ɗaukar hoton zanga-zanga, a fake da tsaro.

Masu halastacciyar sana'a ma suna da ta cewa. Kamfanin Zipline yana kai jini da magunguna ta sama a Ruwanda tun 2016, a Ghana tun 2019, a Jihar Kaduna kuma tun 2022. Na'urar da ba ta bambanta jirgin da ke ɗauke da jinin mai naƙuda da na ɗan ta'adda ba, ta fi cutar da ta zo magancewa illa.

Su kuwa masu ƙirar, kukansu ɗaya ne a ko'ina: ana ba da kuɗin gwaji, a tafa, a ɗauki hoto, sannan shiru. Tsakanin samfurin da ya ci gasa da odar farko akwai shekaru biyu ko uku da ƙaramin kamfani ba ya iya jurewa. Da yawa a nan suke mutuwa, ko babban kamfani ya haɗiye su.

Abin da ya ci Doma

Wannan ba matsalar Turawa ba ce kaɗai. A Disamban 2024 mayaƙan ISWAP suka kai hari kan sansanin sojoji na Wajiroko a ƙaramar hukumar Damboa ta Jihar Borno da jirage marasa matuƙa masu ɗauke da abubuwan fashewa. A Maris ɗin 2025 an ba da rahoton amfani da irinsu a harin Wulgo kusa da Tafkin Chadi, inda sojojin Kamaru fiye da goma suka rasa rayukansu. A Mali da Burkina Faso ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai sun mayar da su kayan aikin yau da kullum. A Sudan, birnin Port Sudan da ake ganin tudun mun tsira ne ya sha hare-hare ta sama a Mayun 2025, har da filin jirgi da rumbunan mai.

Tun 2016 dokar Nijeriya ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro kafin a tashi jirgi maras matuƙi. Amma takardar izini ba ta tsayar da wanda bai nema ba.

Ba wai ba mu da tushe ba ne. Cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna tana horar da injiniyoyin jiragen sama, a Kadunan ne kuma aka ƙaddamar da jirgin Tsaigumi a 2018. Kamfanin ƙera kayan yaƙi na DICON yana nan tun 1964, kuma dokarsa ta 2023 ta buɗe masa ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Ga NASENI, ga asusun bincike na TETFund, ga sassan injiniya a Zariya da Kano da Maiduguri.

Kayan da aka sayo daga waje suna da tsada, gyaransu sai da dala, kuma ba a gina su domin ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar wuta ba. Na'urar da aka horar da idonta a kan tsuntsayen Turai sai an sake koya mata ungulu da balbela.

Abin da ya kamata a yi

Abu huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin Nijeriya. A sa gasa a fili mai matakai, a buɗe ta ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da ƙananan kamfanoni, da sharaɗi guda: a kamo jirgin lafiya, ba a taɓa kowa a ƙasa ba. A ware filin gwaji na dindindin inda mai bincike zai tashi jirgi ba tare da fargabar kamu ba. A yi alƙawari a rubuce cewa wanda ya ci gasar za a sayi kayansa domin filin jirgi ko gidan yari ko tashar lantarki. Sannan Majalisar Tarayya ta fayyace wa ke da ikon sauke jirgi, a ina, da kuma wanda zai biya diyya in an yi kuskure.

Kuɗin da irin wannan gasa za ta ci bai kai na jirgin yaƙi guda ba. Muna kira ga ofishin mai ba da shawara kan tsaro, da ma'aikatar tsaro, da TETFund, da gwamnonin jihohin Arewa, su haɗa kai su sanya ta a kasafin kuɗi mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.